Yadda Na Kashe Dutse Kilo Talatin

In dai maganar dutse ake yi a garin Jos, to kowa ya ja bakinsa ya bar ni da ita. Ni Tanko Mai Gilashi, haƙar kuza ce ta kawo kakana wannan gari, mahaifina kuma guduma ce ta cinye masa tafin hannu wajen fasa dutse. A Gangare aka haife ni, inda ko rijiya za ka haƙa sai ka nemi izinin dutse. Ko ɗaure min ido ka yi ka miƙo min tsakuwa, da na lasa zan gaya maka unguwar da aka tsinto ta, har da launin akuyar da ta taka ta daga ƙarshe. Shekara da shekaru ina faɗin haka a teburin mai shayi babu wanda ya ƙaryata ni, sai ranar da wata likita ta shigo shagona ta yi min tambaya guda ɗaya tak a kan dutse.

Amma kafin mu je can, bari in fara da ku yaran yanzu, masu leƙowa shago kuna cewa, "Baba, ai wannan ba wani aiki ba ne, gilashi biyar ne da gam." To madalla. Haka shi ma tuƙin tirela, sitiyari ne da taya.

Akwatin kifi na farko da na haɗa da hannuna, a shagon ubangidana ne, Oga Pam, a Anguwan Rukuba. Shekara biyu na yi a wurinsa kafin ya bari na taɓa dayamon, wato ɗan alƙalamin nan na yankan gilashi. Kafin nan aikina shi ne goge bakin gilashi da dutsen washi, har sai yatsa ya bi bai ji kaifi ba. Ranar da ya ba ni dayamon, ya tsoma bakinsa a kananzir, ya ce sau ɗaya ake ja. Ka ja sau biyu, ka ɓata layi, ka ɓata dayamon. Kuma da kunne ake yanka, ba da ido ba. In ka ji ƙarar tana tafiya siririya kamar ana yage sabon yadi, ɗora gilashin a bakin tebur ka danna, zai rabu salin-alin. In ka ji tana gurgura, ka nemo tsintsiya. Sai kuma goge inda za a shafa gam, domin ko zanen yatsa ne ya hau wurin, ruwa zai gano shi. Ruwa ba ya mantuwa, kuma ba ya yafiya.

Na haɗa akwatin nan tsaf. An ce a bar gam ya kwana biyu, ni kuwa washegari na cika shi da ruwa don in burge Oga. Ya kuwa burge shi, na tsawon minti goma. Daga nan gefe guda ya buɗe. Ruwan da ya fito daga shagon nan, ku tambayi mutanen layin, sai da masu acaɓa suka riƙa ɗaga ƙafa har mako ya zagayo. Oga Pam bai ko ɗaga murya ba. Tsumma ya miƙo min, ya ce da Hausarsa ta mutanen kan dutse, wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta, "Tanko, hannun ka yana da kyau. Amma ba ya iya zama wuri ɗaya."

Ku riƙe wannan maganar, za mu sake haɗuwa da ita a gaba.

Da ya yaye ni, na buɗe nawa shagon a Nasarawa Gwom. Can na san mutane. Akwai Alhajin da ya ce in samo masa kifin da ba ya mutuwa kuma ba ya cin abinci. Akwai madam ɗin da ta zauna ta zaɓi jajayen kifaye shida masu dogon wutsiya, na gama zuba mata su, sai ta tambaye ni wata nawa za su yi kafin su isa farfesu. Akwai gidajen da yara ke zuba wa kifi shayi da burodi saboda tausayi. Duk na iya da su. Kifin ruwan daɗi ne, mai haƙuri, ka ba shi famfon iska, ka ba shi hita saboda sanyin garin nan, ka canza masa ruwa kashi ɗaya cikin huɗu, shi ke nan. Ado kuwa, ban taɓa sayen dutse ba. In na tashi, sai in ɗauki buhu in hau bayan gari in tsinto masu kyau, in wanke su tas da burushin ƙarfe, in shanya su a rana, in jera. Wankin nan doka ce a wurina, domin dutse mai datti shi ke kashe kifi. Haka aka koya min, kuma gaskiya ne.

Sai ga shekarar da gari ya rikice. Ba zan tsaya a kanta ba, duk wanda ke Jos a lokacin ya san abin da ya gani. Abin da ya shafi sana'a shi ne, wanda bai san inda zai kwana ba, ba ya sayen kifin kallo. Kifayen da ke shagona suka mutu a kwanakin da ba a fita, babu wuta, babu mai ba su abinci. Da aka lafa, sai na koma sa gilashin taga, don a wannan shekarar tagogi sun yi yawan buƙata. Mutane kuma suka rage tsallakawa unguwannin juna. Ni da Oga Pam ba mu yi faɗa ba, ba mu ce wa juna komai ba, sai dai hanyar ce ta yi tsawo. Na shekara uku ban taka Anguwan Rukuba ba.

Ana cikin haka Dakta Rifkatu ta shigo shagona. Likitar haƙori ce, ta yi aiki a ƙasar waje ta dawo gida za ta buɗe ɗan asibitinta na yara. Ta ce tana son akwatin kifi babba a ɗakin jira, mai cin lita ɗari huɗu, don yaro ya shagala da kallo ya manta da abin da ke jiransa a ciki. Amma ba irin jajayen kifayena take so ba. Na teku take so, na ruwan gishiri, masu launi kamar an zana su da fenti. Wannan ne babban aikin kifi na farko da ya zo min tun bayan rikicin, kuma na san in ya yi kyau, duk iyayen da za su zauna a ɗakin nan sai sun tambayi wanda ya yi.

"Malam Tanko, ka taɓa yin na ruwan gishiri?"

"Dakta, ruwa ai ruwa ne. Gishiri kuma ko a miya muna sa shi."

"To dutse mai rai kilo nawa kake ganin zai ci?"

Ban taɓa jin an ce dutse yana da rai ba. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin yana cika baki ba ya cewa bai sani ba a gaban mace mai tabarau. Na ce, "Dakta, a Jos kike tambayar dutse da kilo? Mu da tifa muke aunawa. In kin ga dama gobe a sauke miki guda a ƙofar asibiti."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake, na san abin. Ta ce akwai wani mutum a Legas da zai aiko da komai: gishirin teku na musamman, ma'aunin gishirin, duwatsun, daga baya kuma kifaye goma sha biyu, kwana biyu kafin bikin buɗewa. Ya ce mata a ƙa'idarsu kilo ɗaya na dutse ga kowace lita goma ta ruwa, wato kilo arba'in. Na gyaɗa kai kamar ni na koya masa. A raina kuwa cewa nake, Allah Sarki, an kawo wa mai rijiya ruwa a leda. A ɗauko dutse daga Legas a kawo Jos!

Akwatin kam na yi shi yadda ko Oga Pam zai sara min. Gilashi mai kauri, ɗamara a sama, gam ya sha kwana bakwai. Na kai shi asibiti na ɗora a kan teburin ƙarfe. Sauran aikin ruwa kuwa a gida na yi shi, saboda shago ba famfo. Na sami durom na roba mai murfi, na dama gishirin nan har allurar ma'auni ta tsaya inda aka ce, na jefa famfon iska a ciki, na sa hita don in gwada ko tana aiki. Na bar shi a lungun tsakar gida.

Ranar Laraba aka kira ni daga tasha, kaya sun iso. Kwali huɗu na farin soso, kowane kilo goma. Tun kafin in ƙarasa na ga mutane sun buɗe fili sun toshe hanci. Direban ya ce min, "Oga, in gawa ce ka faɗa mana gaskiya." Da na kai gida na buɗe, sai ga wasu duwatsu masu ramuka kamar gidan gara, an naɗe su da jiƙaƙƙiyar jarida. Wani baƙi, wani kore, wani ruwan hanta, ga yauƙi, ga wasu 'yan gashi-gashi, ga tsutsa tana leƙowa daga rami tana komawa. Wari kuwa, ƙudajen Gangare har da na maƙwabtan unguwa suka zo gaisuwa.

Na ce lallai mutumin Legas ya raina mu. Wannan ƙazantar zan kai asibiti, inda ake sa farin kaya? Na tuɓe riga, na jawo bahon wankin matata, Hajara, na kunna famfo, na ɗauko burushin ƙarfe.

"Maman Usaina, miƙo min garin sabulu."

Ta leƙo daga madafa, hannu a hanci. "Na wanke me?"

"Duwatsu."

"Malam, sabulun nawa? Wanda nake lallaɓawa ya kai ƙarshen wata? Wallahi ko ƙwaya. In duwatsun sallah za su je, su sayi nasu."

Na yi lallashi, na yi barazana, na tuna mata da wa ya saya. Ta ɗauke ledar ta shige ɗaki da ita. Haka na haƙura na kama aiki da ruwan famfo zalla. Na kankare, na soke kowane rami da waya, na fito da tsutsotsi da 'yan ƙananan ƙwari, kaji suna bina suna godiya. Na gama kwali uku, na hau da su kan rufin kwano na shanya. Ina shirin buɗe na huɗu, wanda ya fi duka wari, Hajara ta fito ta tsaya a kaina.

"Baho na. Yara ba su da kayan makaranta na gobe. Kuma wannan abin, in ya kwana a buɗe a gidan nan, ni ba zan kwana ba."

Don in kashe warin, sai na juye kwali na huɗun cikin durom ɗin ruwan gishiri, na rufe, na ce gobe zan dawo kansa. Goben kuwa aikin taga ya taso a wata makaranta, ya cinye min kwana biyu.

Ranar Asabar na sauko da na kan rufi. Kai, ku zo ku ga kyau! Fari fat, kamar haƙoran talla. Ina cikin jera su ina yaba wa kaina, wayata ta yi ƙara, mutumin Legas ne. Ya tambaya ko kaya sun iso lafiya, ya ce kada in damu da warin, zai ragu da kansa.

Na ce masa da ɗan Turancin da nake da shi, wari ai ya tafi, na wanke, na shanya, sun yi fari.

Sai na ji wata ƙara da ko ba waya zan iya jin ta daga Legas. A cikin duk abin da ya faɗa, abu ɗaya na tsinta sarai: ka kashe su.

Na zauna a kan turmi. Mutum ɗaya na sani a garin nan da zai fassara min yadda ake kashe dutse. Oga Pam ya taɓa yin wasu shekaru a Legas yana kula da akwatunan kifi a gidajen manya. Na ɗauki fari guda, na tsamo mai datti guda daga durom na sa a bokiti da ruwansa, na ɗaure a bayan babur, na kama hanyar da na shekara uku ban bi ba.

Na same shi a ƙofar shago yana goge bakin gilashi. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi bokitin.

"Tanko. Ka tuna hanya?"

"Oga, hanya ce ta manta da ni. Ina wuni? Ya Mama?" Haka muke kiran matarsa.

"Mama yana nan, yana tambayan ka kullum. Zauna. Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"Ƙarya. Kai ba ka zuwa sai ka fasa abu."

Na zayyana masa komai. Ya ɗauki farin ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye a hankali kamar mai ajiye mamaci. Ya sa hannu a bokiti ya ɗago ɗayan, ya kai hanci, sai fuskarsa ta saki.

"Wannan yana da rai. Guda nawa ya rage?"

"Kwali ɗaya. Shi ma yau nake shirin wanke shi."

"In ka taɓa shi, zan yanke hannun ka da dayamon." Ya mayar da shi cikin ruwa. "Ka sa sabulu a sauran?"

"Hajara ta hana."

"Je ka saya wa wannan mata zani. Da sabulu ya shiga ramukan nan, sai dai ka yi murhu da su."

Sannan ya yi min karatun da ya kamata in nema tun farko. Ya ce wannan dutse ba ado ba ne. A cikin ramukansa akwai wasu halittu da ido ba ya gani, su ke cinye kashin kifi da ragowar abinci kafin su zama guba. Kifin teku ba shi da haƙurin namu, ruwa ya ɗan gurɓace, ya kife. Shi ya sa ake auna dutsen da yawan ruwa, kuma dutsen ne ke faɗin kifi nawa za a zuba, ba mai akwati ba. In ya yi kaɗan, ruwa ya lalace. In an cika shi ya yi yawa, kifi ya rasa wurin iyo, datti ya maƙale a lungu. Ya ce, "Dutse kam kuna da shi a Gangare. Abin da ka kankare ka ba kaji, shi aka saya daga Legas."

"To yanzu in na zuba kifi goma sha biyu a kan wannan?"

"Kwana bakwai. Za ka kwashe su da cokali, a gaban yara."

"Oga, ba dabara?"

"Akwai. Ka san yadda Fulani ke yin kindirmo? Yana zuba ɗan na jiya a cikin sabon madara, ya rufe, ya tafi. Wannan goma zai raya talatin. Amma wata biyu. Kuma abu ɗaya ne kai ba ka iya ba, shi ne rufewa ka tafi."

Saura kwana goma sha biyu a buɗe asibiti. Dakta ta riga ta buga katin gayyata, da hoton kifi a jiki. Ko da na sake yin oda, sabon dutse ba zai iso ya zauna kafin ranar ba. Hanya biyu ce ta rage. In yi shiru, in jera fararen nan a gaba, a zuba kifi, a yi biki a tafa min, bayan mako guda in ce ruwan Jos ne bai karɓe su ba. Ko kuma in je in faɗa da bakina. Ba zan ɓoye muku ba, ta farkon ta yi min kyau a ido har na hau babur. Oga Pam ne ya riƙe kariyar babur ɗin ya ce, "Yau za ka gaya mishi. Ba gobe ba."

Na sami Dakta ana ta jera kaya. Ba a kawo kujerun ɗakin jira ba tukuna, kujera ɗaya ce a ginin, ta cire haƙori. Ta ce in zauna. Ina zama abin ya kwanta da ni, ga fitila a fuskata, ga ta a tsaye a kaina. Duk wanda ya ƙera kujerar nan ya san aikinsa, domin ban san lokacin da gaskiya ta fito duka ba, har da maganar tifa da cewa ban taɓa jin dutse mai rai ba sai a bakinta.

Ta cire tabarau ta goge. "Kilo talatin, Malam Tanko."

"Talatin, Dakta. Amma sun yi fari sosai."

"Da burushin ƙarfe."

"Har da waya."

Ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, na fara lissafin ta wace taga zan fita. Ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Da ta lafa sai ta ce, fuska a ɗaure, "Ka san abin da ya cece ka? Da ka bari na zuba kifin nan suka mutu a gaban yaran mutane, da ko gilashin agogo ba za ka ƙara sa wa kowa ba a garin nan, ni zan tabbatar. Tashi min daga kujera." Nan take ta kira Legas ta ce a dakata da kifi. Mutumin ya ce a gaya wa mai wankin yana gaishe shi.

Ranar jera duwatsu Oga Pam ya zo da kansa. Mun riga mun jiƙa fararen a ruwan gishiri muna zubarwa, don ragowar abin da ya mutu a ciki ya fita. Ni na fara jerawa kamar mai ginin katanga, ya ce in rushe. Ba a manna su, ba a jingina su da gilashi. Manya a ƙasa su zauna daram, a bar ƙofofi da ramuka yadda ruwa zai ratsa ko'ina, kifi kuma ya sami maɓoya. Masu ran nan na kilo goma ya rarraba su a tsakani, ɗaya nan, ɗaya can, kowane yana taɓa farare biyu ko uku. Muka haɗa famfon iska da batirin mota saboda ɗaukewar wuta. Da muka gama, ya buɗe jakar kayan aikina ya zaro burushin ƙarfe ya miƙa wa Dakta.

"Madam, kulle wannan. Kar ka ba shi ko ya yi kuka."

Ta jefa shi a durowa ta murɗa makulli.

Aka yi bikin buɗewa da akwati mai ruwa da duwatsu, babu kifi ko na rantsuwa. Na tsaya a gefensa da babbar riga ina amsa tambaya. Wani na ce masa kifayen suna da kunya. Wani na ce masa suna hanya, sun tsaya gaisuwa a Lokoja. Wani dattijo ya daɗe yana leƙe, ya ce, "Ikon Allah, yanzu har dutse ake kiwo a Jos?" Ina ta murmushi, gumi yana bin bayana a cikin wannan sanyi.

Can sai wata yarinya da aka kawo da kumburarren kunci, tun shigowarta take tsala ihu, ta yi tsit. Ta manna hanci a gilashi. "Mama, fure! Fure yana motsi!" Muka duƙa. A jikin ɗaya daga cikin masu dattin nan, wani ɗan abu ya buɗe kamar lema, da ta ƙwanƙwasa gilashi ya shige rami, ya sake fitowa a hankali. Wani yaro ya gano ƙaguwa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Kafin ka ce me, yara sun yi layi suna farautar abin da ke motsi, ana gardamar wa ya fara gani. Duk a jikin goman nan suke. Fararena talatin, ko kallo ba su samu ba. Dakta ta dube ni ta saman tabarau, ni kuma na sauke wata ajiyar zuciya da sai da labule ya motsa.

Makonnin da suka biyo baya su ne jarrabawar. A mako na uku komai ya koma ruwan ƙasa, fararen nan suka yi kamar an shafa musu miyar kuka. Hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Na je wurin Dakta na ce ko sau ɗaya ne a ba ni burushi in ɗan shafa sama-sama. Ta ce makullin ya ɓace. Na garzaya Anguwan Rukuba, Oga ya ce haka ake so, in je in zauna, Mama kuma ta cika min kwano da gwate. Daga nan duk Asabar sai na je kai rahoto, ko babu rahoton. A mako na shida dattin ya fara janyewa da kansa. A na bakwai na ga wani ɗan ɗigo ruwan hoda, kamar ƙwayar gero, a jikin dutsen da na fi kankarewa. Na kira Oga a waya ina ihu, ya ce, "To, ya tashi."

Kifi biyu muka fara sakawa, 'yan ƙanana masu ruwan lemo da farin ɗamara. Muka jira mako biyu, muka ƙara biyu. Haka, da bibbiyu, ana duba ruwa, har suka cika. Ko ɗaya bai mutu ba. Daga ɗakin jiran nan na sami aikin otal biyu da gidaje da ban ƙirga ba, na bar sa gilashin taga. Hajara ta sami zaninta, kuma har yau in muka yi saɓani sai ta ce in tuna wa ya hana ni sabulu.

Saboda haka, ku masu cewa gilashi biyar da gam, in an tambaye ku dutse nawa akwatin ruwan gishiri ke ci, ku ce wajen kilo ɗaya ga lita goma, a rage kaɗan in dutsen mai yawan ramuka ne, kuma a zuba kifi daidai ƙarfin dutsen. In ya zo yana wari, ku toshe hanci ku sa shi a ruwansa. In kuma ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ba a cire wa mutum haƙori a kan haka.

Ranar da aka saka kifi na ƙarshe, mu uku muka tsaya muna kallo. Duwatsun duk sun rine, ba ka bambance wanda ya sha burushi da wanda ya tsira. Abin ya yi kyau har bakina ya kasa haƙuri. Na gyara hula na ce, "Dakta, ba don ina gabanku ba, a faɗin Filato babu mai hannun da zai fitar da wannan aiki sai ni. Ni fa dutse ko matacce ne, in ya shigo hannuna sai ya tashi."

Oga Pam bai ɗauke ido daga kan kifin ba.

"Tanko," ya ce, "a duk aikin nan, kwali ɗaya ne ya yi kyau. Shi ne wanda hannun ka bai taɓa ba."